Wata 26 ana jira, labari bai gusa ba: rigimar masu karatu da littafi na goma na Robert Jordan

Ranar 7 ga Janairun 2003 kamfanin ɗab'i na Tor da ke birnin New York ya fitar da Crossroads of Twilight, littafi na goma a jerin labaran almara na The Wheel of Time, wanda marubucin Amurka Robert Jordan ya faro tun 1990. Cikin 'yan kwanaki littafin ya ɗare matsayi na ɗaya a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar The New York Times, kamar yadda na takwas da na tara suka yi kafinsa. Ta fuskar ciniki dai babu abin da ya ɓaci. Sai dai ba a jima ba shafin littafin a kasuwar intanet ta Amazon ya cika da sharhin masu saye da suka ba shi tauraro ɗaya cikin biyar, mafi ƙarancin makin da ake iya bayarwa. Yawancinsu ba baƙi ba ne da suka tsinci littafin a hanya. Mutane ne da suka shafe shekara goma ko fiye suna bin labarin, suka san sunan kowane sarki da kowane bafade a cikinsa, suka kuma biya kuɗin bugun farko mai kaurin bango. Ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne: sun jira wata 26, sun karanta shafi kusan 700, sun rufe littafi labari na nan inda suka baro shi.

Fiye da shekara 20 bayan haka, wannan littafi ne ake fara kawowa misali duk lokacin da ake maganar dogon labarin da ya yi wa masu bin sa nauyi. Amma wani abu ya sauya. Masu karatun da suka zo bayan an kammala jerin a 2013 sukan wuce shi da ɗan gunaguni kawai, wasu ma har su tambayi abin da ya jawo hayaniyar. Ko kalma ɗaya ba a canza a cikin littafin ba. Bambancin yana ga abin da kowane rukuni ya biya kafin ya buɗe shi, da abin da ya san yana jiran sa bayan ya rufe.

Labarin da ya fi ƙarfin tsarinsa

Sunan Robert Jordan na ainihi James Oliver Rigney Jr. An haife shi a 1948 a birnin Charleston na jihar Karolina ta Kudu. Ya yi aikin soja a yaƙin Biyetnam a matsayin mai harba bindiga daga jirgi mai saukar ungulu, ya dawo gida ya karanta kimiyyar fiziks a kwalejin soja ta The Citadel, sannan ya yi aikin injiniyan nukiliya da rundunar sojan ruwan Amurka kafin ya koma ga alƙalami. Matarsa, Harriet McDougal, gogaggiyar edita ce a kamfanin Tor, kuma ita ta riƙa tace littattafansa.

Littafin farko, The Eye of the World, ya fito a Janairun 1990. An gina labarin a wata ƙagaggiyar duniya inda ake ɗaukar zamani tamkar ƙafar keke mai juyawa, abin da ya wuce ya sake dawowa. Wasu samari uku daga wani ƙauye, Rand makiyayi, Perrin maƙeri da Mat mai son caca da tsokana, sun bar gida a guje tare da wata mata mai suna Moiraine, bayan dakarun Sarkin Duhu sun far wa ƙauyensu da dare. A hankali ta bayyana cewa Rand ne jarumin da aka yi hasashen dawowarsa, wanda zai ceci duniya amma ya rugurguza ta a garin ceton. Ƙarfin sihiri a wannan duniya ya kasu biyu, ɓangaren mata da ɓangaren maza. Na maza ya gurɓata tun shekara dubu uku da suka wuce, duk namijin da ya taɓa shi sai ya haukace. Saboda haka mata ne kaɗai ke riƙe da sihiri a hukumance, daga wata Farar Hasumiya a birnin Tar Valon.

Da farko littafi shida aka tsara. Jordan ya kuma fara da gudu: daga Janairun 1990 zuwa Oktoban 1994 ya fitar da littattafai shida, kowanne da kauri kamar tubali. Na shidan ya zo ya wuce, ƙarshe bai ko leƙo ba. Daga nan tazarar ta buɗe. Na bakwai ya fito a 1996, na takwas a 1998, na tara a Nuwambar 2000.

Yayin da tazarar ke faɗaɗa, jama'ar cikin labarin ma ƙaruwa suke. Mafi yawan littafin farko ta idon Rand ake ganinsa. Kafin a kai na goma, abokan da suka bar ƙauye tare sun warwatsu a ƙasashe daban-daban, kowane da rundunarsa da mashawartansa da maƙiyansa, kuma da yawa daga cikin waɗannan ma marubucin yakan shiga zuciyarsu ya ba da labari ta bakinsu. Waɗanda suka ƙidaya sun samu mutane masu suna fiye da 2,700 a jerin baki ɗaya. Lissafin a bayyane yake. Littafi na goma yana da babi 30. Idan aka raba su tsakanin sansani biyar ko shida, kowane sansani 'yan babuka kaɗan zai samu, kuma a ciki sai an tuna wa mai karatu wane ne wane, da inda aka kwana shekara biyu da suka wuce, kafin a ɗaga ƙafa a yi taki guda.

Abin da suka tarar a ciki

Littafi na tara, Winter's Heart, ya ƙare da babban al'amarin da aka daɗe ana jira. Rand, da taimakon Nynaeve, ya wanke ɓangaren sihirin maza daga gurɓatar da ta addabe shi shekara dubu uku. Aikin ya yi girman da duk mai iya sihiri a ko'ina a duniyar ya ji motsinsa daga nesa. Mai karatu ya rufe littafin da tambaya guda: me zai biyo baya?

A na goma sai Jordan ya ja agogo baya. Manyan sassan littafin suna farawa ne a ranar da aka yi wankin, ko dab da ita, kowanne a wani sansani dabam. Ana nuna mutanen wurin sun juya fuska zuwa wata nahiya, suna jin wani gagarumin abu na faruwa, suna ta hasashen ko mene ne. Mai karatu kuwa ya riga ya sani tun 2000. Ya zama ana riƙe da shi ɗaruruwan shafuka yana kallon mutane na mamakin abin da shi ya gani da idonsa. Rand kansa sai can wajen ƙarshe ya bayyana, na ɗan lokaci.

Sauran jaruman ma kowa na tsaye a bakin wata ƙofa da ba ta buɗe ba. Perrin na bin sawun matarsa Faile da wata ƙabilar mayaƙa ta kama. Mat na gudu daga birnin Ebou Dar a ɓoye cikin ayarin 'yan wasan nishaɗi masu yawo gari-gari, tare da Tuon, 'yar sarautar da ya sato. Elayne na zaune a fadar Caemlyn tana neman goyon bayan manyan gidaje domin ta gaji gadon sarautar mahaifiyarta. Egwene ta yi wa Tar Valon ƙawanya, tana fama da tarurrukan majalisa da makircin na kusa da ita. A ƙarshen littafin Faile na hannun maƙiya, Mat na kan hanya, Elayne ba ta hau gado ba. Egwene ce kaɗai aka ga abu ya same ta, shi ma a shafukan ƙarshe, lokacin da aka kama ta.

Masu suka sun samu abin kamawa da yawa. An yi ta ba'a da wani dogon sashe da Elayne ke wanka, da bayanin shayi da tufafi da adon riguna, da zuwan Perrin wani gari mai suna So Habor domin cinikin hatsin da ƙwari suka cika. Tsofaffin ɗabi'un rubutun Jordan da a da ake yi wa dariyar ƙauna, irin yadda Nynaeve ke jan jelar kitsonta in ta fusata, ko yadda mata ke shafa siket suna gyarawa in sun tsargu, sai suka koma hujjar tuhuma. Akwai kuma maganar kuɗi. Gabatarwar littafin, wadda ta kai tsawon wani ƙaramin littafi, an riga an sayar da ita ita kaɗai ta intanet watanni kafin fitowar cikakken bugu. Da littafin ya zo ba tare da ci gaban a-zo-a-gani ba, zargin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa ya fito fili: wai da gangan ake jan labarin domin a ci gaba da tatsar aljihun jama'a.

Agogo biyu

Domin a fahimci zafin fushin, sai an dubi agogo biyu da ba sa tafiya tare. Akwai na cikin labari, akwai na rayuwar mai karatu. An kama Faile a ƙarshen littafi na takwas, a 1998. Ba a kuɓutar da ita ba sai a na sha ɗaya, a 2005. A cikin labarin, Perrin yana ƙulla ƙulli ɗaya a wata igiyar fata kowace rana domin ƙidaya kwanakin rabuwarsu, kuma duka-duka ba su cika wata biyu ba. A wajen mai karatu kuwa shekara bakwai ce cur. Wanda ya fara jiran kuɓutar Faile yana ajin ƙarshe na sakandare zai iya gama jami'a ya kama aiki kafin ya ga an kwance ta.

Haka abin yake ga masoyan Mat. A ƙarshen littafi na bakwai, a 1996, bango ya rufta masa. A na takwas ko leƙowa bai yi ba. Sai a 2000 aka sake ganin fuskarsa. Wanda ke da littattafan jere a kan shiryayye yau zai tsallake wannan giɓi cikin mako biyu. Wanda ya rayu a lokacin shekara huɗu ya yi.

Wannan yanayi ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa. Adabin kasuwar Kano ya daɗe da sabawa da fitar da labari kashi-kashi, littafi na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke shi a daidai inda zuciya ta tsinke, a ce sai a na gaba. Yanzu da marubuta da yawa suka koma sakin labari shafi-shafi ta wayar hannu, wani lokaci sai an biya kuɗin shiga zaure, duk wanda ya taɓa bi ya san yadda ake ji in an jira kwanaki sannan aka samu shafin da bai ƙara komai ba, ko kuma marubuci ya ɓace labari na tsakiya. Wanda ya sayi kashin farko na labarin da bai ƙare ba ya ba da kuɗinsa da lokacinsa ne bisa amanar cewa za a kai shi ƙarshe. Kowane sabon kashi da ya fito, yakan duba ko an rage masa wani abu daga bashin. A 2003 masu bin Jordan sun duba, suka ga bashin ma ƙaruwa ya yi, marubucin kuma yana da shekara 54.

Tun daga wancan lokaci masu karatu suka laƙaba wa littattafai na bakwai zuwa na goma wani suna da ke nufin tafiya cikin taɓo, inda kowace ƙafa sai an ciro ta da ƙyar. Ana saɓani a kan inda taɓon ya fara, amma kusan kowa ya yarda cewa a na goma ya fi zurfi.

Masu kare littafin

Ko a lokacin ba a rasa masu kare shi ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. Sukan nuna babin da Perrin, mutum mai sanyin hali da ya fi son gudumar ƙira a kan gatarin yaƙi, ya sare hannun wani fursuna domin a faɗa masa inda matarsa take, sannan ya shiga daji ya kafe gatarin a jikin bishiya ya bar shi nan. Tun littafin farko ake gina wannan rikici na zuciyarsa, kuma a nan ya kai maƙura. Sukan kuma ambaci zawarcin Mat da Tuon, mai cike da gatse da wasan wayo, wanda da yawa ke lissafawa cikin mafi daɗin abin da Jordan ya rubuta. Hatta hatsin So Habor, in ji su, da manufa aka kawo shi: alama ce ta yadda duniyar ke ruɓewa yayin da yaƙin ƙarshe ke matsowa, tare da fatalwowin da suka fara yawo a titunan garin.

Jordan da kansa ya tanka daga baya. Ya nuna cewa har lokacin yana ganin littafin ya tsaya da ƙafarsa, amma da ya bi labarin kai tsaye maimakon mayar da kowane sashe zuwa rana guda, da ya fi kyau. Bai samu sassauci nan take ba. A Janairun 2004 ya fitar da New Spring, wanda ya koma shekara 20 kafin farkon labarin domin ba da tarihin Moiraine. Littafi ne gajere mai saurin tafiya, amma masu jiran ci gaba suka ɗauke shi a matsayin ƙarin ratse. Jordan ya yi niyyar rubuta irinsa guda uku, sai ya jingine sauran biyun har sai ya gama babban labarin.

A Oktoban 2005 Knife of Dreams ya fito, littafi na sha ɗaya. A cikinsa Perrin ya ƙwato Faile, Elayne ta samu sarauta, maganar Mat da Tuon ta kai ga aure. Ƙofofin da aka tsaya a bakinsu a na goma duk suka buɗe, kuma masu karatu da dama da suka yi rantsuwar sun daina suka dawo. Nan ne aka fara cewa na goma da na sha ɗaya tamkar littafi guda ne da aka raba biyu, ɗaya ya ɗauki shimfiɗa, ɗaya ya ɗauki sakamako, da tazarar wata 33 a tsakani. Jordan ya yi alkawarin cewa saura littafi ɗaya tak, ko da zai kai shafi 2,000.

Abin da ya bari a rubuce

A Maris ɗin 2006 Jordan ya sanar cewa likitoci sun gano yana da cutar amiloyidosis ta zuciya, wadda wani nau'in furotin ke taruwa a tsokar zuciya har ta yi tauri ta kasa aiki. Ya faɗa wa masu karatunsa cewa matsakaicin abin da masu cutar ke rayuwa tare da magani shekara huɗu ne, amma shi yana da niyyar zarce haka nesa ba kusa ba. Ya yi jinya a asibitin Mayo da ke jihar Minesota. Ya rasu ranar 16 ga Satumbar 2007 yana da shekara 58, littafin ƙarshe bai kammala ba.

Abin da masu ƙorafin 2003 suka ji tsoro shi ne ya faru. Sai dai Jordan bai tafi da labarin a cikinsa ba. A watanninsa na ƙarshe ya rubuta wasu fitattun wurare, ya yi shiftar wasu aka naɗa, ya zauna ya ba iyalansa labarin yadda komai zai ƙare, mataimakansa Maria Simons da Alan Romanczuk kuma suka riƙa yi masa tambayoyi suna adana amsoshin. Babin rufewa ma ya riga ya rubuta kusan dukkansa. Duk ma'aikacin da ya taɓa karɓar ofis daga wanda ya tafi bai bar takardar miƙa aiki ba ya san darajar irin wannan shiri.

A Disambar 2007 aka sanar cewa Harriet McDougal ta zaɓi Brandon Sanderson, matashin marubuci da ke farkon shekarunsa na talatin, ya ƙarasa aikin. Ta karanta ta'aziyyar da ya rubuta wa mijinta, sannan ta karanta littafinsa Mistborn, ta gamsu. Sanderson kansa yana cikin waɗanda suka fara karanta jerin tun suna samari, suka kuma sha jiran da kowa ya sha.

Sabon hannu, sabon ƙorafi

Ba a daɗe ba wata rigimar ta tashi. A Maris ɗin 2009 Tor ya sanar cewa littafin ƙarshe ya yi girman da ba zai shiga bango ɗaya ba, za a raba shi uku. Tsohon zargin tatsar aljihu ya dawo sabo, wasu suna tuna alkawarin mamacin na littafi guda. Sanderson ya yi dogon bayani cewa zaren da aka bari a sake sun yi yawan da ba za a ɗaure su da gaggawa ba tare da an ci amanar labarin ba.

The Gathering Storm ya fito a Oktoban 2009, Towers of Midnight a Nuwambar 2010. An yaba da saurin tafiyarsu, amma mutanen da a da ke kukan jan ƙafa sai ga wasunsu suna kewar nutsuwar alƙalamin Jordan da yadda yake ɓoye ma'ana a ƙarƙashin magana. Babban ƙorafi ya faɗa kan Mat. Masu karatu suka ce a hannun Sanderson ya koma ɗan barkwanci mai neman a yi dariya, alhali Mat ɗin Jordan dariyarsa na fitowa ne daga yadda yake yaudarar kansa, yana rantsuwar shi ba jarumi ba ne yana kuma faɗawa wuta domin ceton wasu. Sanderson ya amsa cewa lallai bai kama muryar Mat daidai ba a littafin farko da ya rubuta, ya kuma yi ƙoƙarin gyarawa a na gaba.

Akwai wani ƙaramin bashi da ya nuna irin riƙon da masu karatu ke yi. A ƙarshen littafi na biyar, a 1993, an kashe wani mai suna Asmodean ba a nuna wanda ya kashe shi ba. Jordan ya dage cewa alamun da ya bari sun isa mai lura ya gane, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ya ci gaba da karatu zai gani. Shekara 17 ana muhawara. Da amsar ta zo a 2010, ba a cikin wani babi aka saka ta ba. A jerin ma'anar sunaye na bayan littafi aka tsince ta, cikin bayanin wata mai suna Graendal. Wasu suka yi dariya, wasu suka ji an raina musu wayo.

Littafin ƙarshe, A Memory of Light, ya fito ranar 8 ga Janairun 2013, shekara goma da kwana ɗaya bayan Crossroads of Twilight, kuma saura mako guda jerin ya cika shekara 23. Babi na 37, wanda ya ƙunshi yaƙin ƙarshe, ya kusa shafi 200 shi kaɗai. Ko a wannan rana ba a rasa tauraro ɗaya a Amazon ba, amma a kan wani dalili dabam: an jinkirta bugun da ake karantawa a na'ura zuwa watan Afrilu, sai masu jiransa suka huce a kan makin littafin da ba su ma karanta ba. A 2014 jerin gaba ɗaya ya shiga zagayen ƙarshe na lambar yabo ta Hugo, ko da yake Ancillary Justice na Ann Leckie ne ya lashe.

Inda bayanan Jordan suka ƙare, nan aikin ya tsaya. Ya so ya rubuta wasu littattafai a kan rayuwar Mat da Tuon bayan yaƙi, amma abin da ya bari a kansu bai taka kara ya karya ba, saboda haka matarsa da Sanderson suka bar su ba a rubuta ba.

Hukuncin masu zuwa daga baya

Yau jerin yana nan cikakke, littafi 14 da ƙarin New Spring, kalmomi fiye da miliyan huɗu, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 90 a duniya. Sabon mai karatu da ya iso na goma yana da na sha ɗaya a gefensa, ya kuma san akwai ƙarshe. Har yanzu Crossroads of Twilight ne ke zuwa ƙasa a mafi yawan jerin gwanon da masoya ke yi wa littattafan, domin raunin tsarinsa na gaske ne, marubucin ma ya yarda da wani ɓangarensa. Amma abin da a 2003 aka kira cin amana, yanzu sati biyu ne na karatu mai ɗan nauyi a tsakiyar doguwar tafiya. Hukuncin farko ya auna littafin tare da shekarun jira da fargabar kada a mutu ba a ji ƙarshe ba. Na biyun ya auna shafukan ne kawai.

Masu bin George R. R. Martin suna cikin halin farko har yanzu. Littafinsa na huɗu a jerin A Song of Ice and Fire, wanda ya fito a 2005, ya sha irin sukar da Jordan ya sha, saboda ya bar manyan jarumai irin su Tyrion da Daenerys a waje. Na biyar ya zo a Yulin 2011, kuma tun daga nan ake jiran na shida. Babu wanda zai iya cewa yadda za a ɗauki waɗannan littattafai biyu nan gaba, domin ƙimar shimfiɗa tana rataye ne ga abin da aka ɗora a kanta.

Masoyan Jordan ma sun sake ɗanɗanar jira ta wata hanya. A Nuwambar 2021 Amazon ya fara nuna The Wheel of Time a matsayin shiri mai dogon zango a Prime Video, inda Rosamund Pike ta fito a matsayin Moiraine. Zango na uku shi ne ya fi samun yabo, amma a Mayun 2025 kamfanin ya sanar da dakatar da shirin, labari bai kai ko rabi ba. Masu kallon da suka so jin yadda aka ƙare da Rand sai suka koma ga littattafan, kuma hanyar zuwa babi na 37 na littafin ƙarshe sai ta ratsa ta So Habor.